Butar Baba a Kan Kujera

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ranar da Baba ya ɓace mini a filin jirgi ba za ta fita daga raina ba. Shekarar babban farin nan ce, zamanin mulkin soja, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko ta Urafane. Da Baba ya ga kiwo ya ƙone, sai ya sayar da sauran shanunsa tun suna iya tsayuwa, ya ce gara su kai shi Makka da ungulu ta cinye su. Takardar izinin fita kuwa sai da muka yi wata huɗu muna safa da marwa zuwa Tasawa kafin ta fito. Idan wannan tafiya ta kuɓuce, babu shanu, babu ta biyu.

Filin jirgin Yamai bai ba mu wahala ba. Zaure guda ne da ƙofa guda, kana zaune kana hangen jirginka, ma'aikaci ya zo ya kira mutane da baki. Baba ya ce ai wannan tashar Tasawa ce aka yi wa siminti. Na yi dariya na ƙyale shi, kuma nan ne na yi kuskure.

Wurin da muka sauka don sauya jirgi gari ne sukutum a ƙarƙashin rufi ɗaya. Ƙofofi birjik kowace da lambarta, matakala na tafiya da kanta, wata murya na ta magana daga sama. Ni da ɗan faransancina sai iyayi ya motsa. Na zaunar da Baba a ƙofarmu, na tafi kallon kantuna don in samu abin ba da labari.

Da na dawo, mutane sun shiga layi. Kujerar Baba babu kowa, sai butarsa da rawaninsa a naɗe. Nan take na gane ma'anarsu. A tasharmu idan ka ajiye kaya ka kama wuri, kuma mota ba ta tashi sai an nemo mai shi.

Na bi ƙofa ƙofa ina haki, kowane tsoho mai farar riga sai in ga kamar shi ne. Na roƙi matar da ke karɓar takardu ta ɗan jira mu, ta nuna mini agogo da yatsa. Layi sai raguwa yake, ni kuma har addu'a ta gagare ni.

Can ƙarshen zauren, gindin wata babbar taga inda ake ganin rana, na iske shi yana sallame la'asar.

"Baba, jirgi za shi tashi."

"Ya tahi ina? Ba su ga butata ba?"

Na ja hannunsa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Mu ne na ƙarshen shiga. Bayan mun zauna ya ce a hankali, "Ɗana, na ba ka kunya cikin mutane ko?"

Na kasa haɗa ido da shi, don laifin nawa ne. Tun ranar na gane cewa idan ka san hanya ka ja bakinka ka yi shiru, to kai ka ɓatar da na bayanka.