Ranar da Hajiya ta rufe min ƙofa

Na buɗe wayata zan duba sakamakon gwajin ƙodar mahaifiyata, sai manhajar ta ce ba ni da izini.

Ni na ɗora ta a kan tsarin nan na adana bayanai, wato blockchain, da asibitinsu ke gwadawa. Marar lafiya ne kaɗai ke zaɓar wanda zai ga bayanansa, ko ma'aikatan asibitin ba su isa su buɗe wa wani ba.

Na ɗauka matsalar network ce, na wuce gida a unguwar Dukawuya. Na same ta a tsakar gida tana gyaran zogale.

"Hajiya, abin nan ya lalace, ya fitar da ni."

"Lafiyarsa ƙalau. Ni na cire ka. Ba kai ka ce makullin yana hannuna ba?"



Ta ƙara da cewa, "Duk sanda sakamako ya fito, kai kake fara gani. Kafin likita ya buɗe baki na riga na karanta a fuskarka. Ciwona ne, ka bar ni in fara jin labarinsa."

Sai ta sa na zauna, ta faɗa min da bakinta: za a fara mata wankin ƙoda. Ita ce ma ta rarrashe ni.

Na sha yi wa mutane bayanin cewa kowa shi ke da iko da bayanansa. Ban taɓa zaton a kaina za a fara ba.

Ku fa, da iyayenku ne, za ku iya haƙuri a bakin ƙofa?