Ranar da Hedimasta Ya Kira Rajista da Jita a Wuya

Na koyar da tarihi shekara talatin da ɗoriya, don haka ina da hurumin faɗar wannan: a cikin manyan al'amuran shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, babu wanda ya kai yammacin da tsofaffi uku suka tsaya a filin wata firamare a Ƙofar Kwaya da jita biyu da tarin ganguna. Masu rubuta littattafan makaranta sun tsallake wannan rana. Ban yi mamaki ba, sun saba.

Ni ne ɗaya daga cikin ukun. Na biyu wani Alhaji ne mai sayar da hatsi a Babbar Kasuwa, wanda muka fara malanta tare, ya gano tun da wuri cewa gero ya fi alli albarka. Na uku Hedimasta. Ya daɗe da yin ritaya, amma ban taɓa jin wani ya kira shi da wani suna ba, har matarsa.

Mun haɗu ne a kwalejin horon malamai muna samari. Akwai kayan kiɗa a ɗakin taro, da wani malami ɗan kudu da ya ga muna leƙe ya ce mu shigo. A wurinsa muka koyi kiɗan nan mai ƙarar jita da ake kira rok. Muka tara gashi, muka ɗinka wando mai faɗin ƙafa, muka yi shekara uku muna damun jama'a. Hedimasta ke riƙe da jita mai kuka kuma shi ke waƙa, ni ina kan mai kaurin murya, Alhaji yana dukan ganguna. Daga nan aure ya zo, girma ya biyo baya. Kowa ya naɗe kayansa a tsohon zane ya ajiye inda baƙo ba zai gani ba.

Lokacin da nake ba da labari, Hedimasta shi ne na'ibin liman a masallacin unguwarsu a Gobarau. Idan liman ya yi tafiya ko jiki ya motsa, shi ke jan salla. Wannan matsayi ya fi masa fansho daraja, kuma ya fi fansho zuwa a kan lokaci.

Da farkon damina iska ta yaye kwanon rufin azuzuwa uku a makarantar da ya shugabanta. Sabon kansila ya zo ya ɗaga kai ya dubi sama ta inda rufi yake a da, ya yi alkawari, ya tafi. Yara suka koma ƙarƙashin dalbejiya, hadari na haɗuwa a sallame su. Hedimasta ya rubuta wa tsofaffin ɗalibansa wasiƙu da tafireta, babu kuskure ko na waƙafi. Waɗanda suka amsa sun yaba da rubutun.

Wata rana muna zaune a rumfar Alhaji sai ya juyo gare ni.

"Malam, jitarka tana nan?"

"Tana ƙarƙashin gado, tana cin fansho kamar ni."

"A tashe ta. Za mu yi wasa, mu tara kuɗin kwano."

Alhaji ya ajiye mudun da ke hannunsa. "Hedimasta, ka san mi kake hwaɗi kau? Kai da ke jan mutane salla. Gobe a ce na'ibi ya koma maroƙi, su ce ka ja baya."

"Alhaji, ka bar aji da wuri, shi ya sa," in ji Hedimasta. "Maroƙi shi ne mai kiran sunan mutum ya wasa shi, a zo a liƙa masa kuɗi a goshi. Mu akwati za mu ajiye a bakin ƙofa, mai niyya ya jefa. Ba kiran suna, ba liƙi. Da wannan sharaɗi zan iya duban idon kowa a sahun gaba."

"To, Allah shi sa su san bambancin."

A siton Alhaji muka riƙa gwaji bayan la'asar, tsakanin buhunan gero, don suna shanye ƙara. Hedimasta ya manna jadawali a bango, wanda ya makara sai ya yi bayani a tsaye. Yatsuna sun sandare. Gwiwar Alhaji takan ƙi taka gangar ƙasa, sai ya tsaya ya yi mata faɗa kamar ɗan dako. Amma ranar da Hedimasta ya gama ɗaure sababbin tsirkiyoyi ya rufe ido ya saki yatsunsa, sai na manta da tawa jitar. Mutumin da na sani da tsare gira da duba farcen yara, ga shi yana sa ƙarfe kuka kamar mai ba da haƙuri. Shekaru sama da talatin abin nan yana cikinsa, bai taɓa bari ya leƙo ba. Da ya gama ya buɗe ido ya ce mini, "Malam, ka shigo a makare." Na amsa laifina.

Ranar wasa Asabar ce, bayan la'asar. Aka yi hayar janareta da lasifika, aka jera kujeru a filin makaranta inda kowa zai ga azuzuwan da ba rufi. Jama'a sun zo fiye da yadda muka zata, yawancinsu don su tabbatar da idonsu cewa Hedimasta ne. A layin gaba ga dattawa biyu daga masallacinsu, sun harɗe hannu. Akwati kuwa yana bakin ƙofa da kwaɗo da 'yar tsaga a sama. Wani da ya gan shi ya tambaya ko zaɓe za a sake.

Muka yi waƙa uku. Ba yabon kai ba, mun yi ƙoƙari. Mutane suka zauna tsit kamar masu sauraron wa'azi, in mun tsaya su tafa da ladabi. Daga inda nake ina hango akwatin, ba wanda ya kusance shi. A garinmu ba a ba makaɗi kuɗi a ɓoye ta cikin tsaga. Sai an ambaci mutum, ya tashi a gaban jama'a, ya gyara riga, ya taka a hankali kowa na kallo. Dukanmu mun san haka tun muna yara. Karatu ne ya yi mana yawa har muka manta.

Muna cikin ta huɗu sai Hajiya mai ƙosai ta miƙe. Tsohuwa ce da ta yi shekaru tana suya a ƙofar makarantar, babu yaron da ya gama ba tare da ya ci bashinta ba. Ta kwance bakin zanenta, ta zaro takardar kuɗi, ta nufo mu. Na ga Hedimasta ya gan ta. Na ga ya dubi dattawan nan biyu. Yatsunsa ba su tsaya ba, amma wuyansa ya miƙe, kuma dogon mutum ne, ita kuwa ko kafaɗarsa ba ta kai ba. Ta ɗaga hannu, bai kai ba. Ta yi ɗage, bai kai ba. Da ya tsaya a haka, da ta haƙura ta koma ta zauna, da sharaɗinsa ya tsira.

Sai ya sunkuyar da kai. Ta manna masa a goshi, gumi ya riƙe.

Ya ɗago da takardar a goshinsa, ya yi mana alama mu rage ƙara, ya matsa kusa da lasifika. Ya dubi wani mai shadda ruwan toka a layi na biyu, ya kira cikakken sunansa da na mahaifinsa, da muryar nan ta safiyar Litinin.

"Aji biyar, bencin baya, kusa da taga. Shekara biyu kana kuka a kan bakwai sau takwas. Yau an ce motoci ukku gare ka. Kana nan?"

Mutumin ya miƙe kafin ya yi tunani. "Ina nan, Malam."

"To taso."

Fili ya ɗauki dariya, mutumin ya taso yana laluba aljihu. Hedimasta ya ci gaba. Wannan ya fasa gilashin ofis da ƙwallo ya ce iska ce. Wancan kullum littafinsa akuya ta cinye. Waccan ma'aikaciyar jinya ta fi kowa rubutu mai kyau da kuma surutu. Babu wanda ya wasa, aibin kowa ya tona, kuma bai yi kuskuren aji ko benci ba ko sau ɗaya. Ni da Alhaji muna riƙe da kiɗa a ƙasa, tsakanin suna da suna ya saki jita ta yi kuka. Can sai waɗanda ba a kira ba suka fara ƙorafi. Wani tela ya ɗaga hannu daga baya: "Hedimasta, ni hwa? Ni ma ka zane ni, sau biyu." Hajiya ta juye farantin ƙosanta tana tattara abin da ke zubowa ƙasa.

Kafin magariba muka tashi. Yana naɗe jitar a zanenta ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Shi ke nan, Malam. Na sayar da na'ibanci na sayi kwano."

An yi wa azuzuwan ukun rufi kafin damina ta janye. Bayan wata biyu aka ba wani na'ibanci, Hedimasta ya koma cikin sahu. Na yi shekaru ina ba da wannan labari a duk inda aka yi zancen sadaukarwa, kuma har yanzu in na tuna sunkuyawar nan sai in ji ban taɓa koyar da darasin da ya kai ta ba.

Bayan rasuwarsa na haɗu da ɗaya daga cikin dattawan nan biyu a wajen wani ɗaurin aure. Muka gaisa, muka yi masa addu'a, sannan na ce har yau ina jin ciwon yadda suka sauke shi saboda jita.

"Wace jita?" in ji shi. "Ai ɗana ne na huɗu da ya kira. Sati guda muka yi muna dariya a gida."

An sauke shi ne saboda yana jan dogayen surori da asuba, 'yan kasuwa suna makara.