Lasana Niyantawo, Wanda Ya Hana Jirgina Tashi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga Nuwamba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Lasana Niyantawo, makanikin injin jirgin ruwa a tashar Mopti, bayan jinyar ƙirji ta wata huɗu. Ina Dire ina sauke albasa aka kira ni a waya. Kafin in iso an kwana biyu da binne ka, Lasana. Ban samu sallarka ba, ban ɗauki makararka ba. Abin da ya rage mini shi ne in faɗi abin da na sani.

Shekara ashirin da biyu ke nan da na sauko daga Bandiyagara, na sayi tsohon jirgin katako don in riƙa kai albasa arewa. Duk tashar ta yi mini dariya, kai ka fi kowa. Kai Bozo, ni Dogon, wasan da ke tsakaninmu gado ne. Ranar farko ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Bawana, wa ya ba ɗan kan dutse jirgi? Ko wanka a bokiti sai an riƙe maka hannu." Na ce, "Kai kuwa a ɗora ka kan turmi jiri zai kwashe ka." Ka yi dariya, ka sauka cikin jirgin ka kasa kunne ga injin. Tun daga ranar ba wanda ya sake taɓa mini shi sai kai.

A shekara ta uku ne muka yi faɗa na gaske. Kogi ya cika, ranar Alhamis ce ta kasuwa, na yi lodin albasa har baki, ga fasinja kusan sittin a ƙarƙashin rumfar tabarma, yawancinsu mata da yara. Tafiya biyu ke nan mata na kukan ciwon kai, don bututun hayaƙin injin ya huje a gwiwa, inda ya lanƙwasa. Na kira ka in ce ka naɗe wurin da gwangwani da waya mu wuce. Ka bi bututun da yatsa, tsatsa na zuba kamar gari. Ka ce sai an canza shi gaba ɗaya, daga bakin inji har inda yake fita ta baya, kuma aikin kwana biyu ne.

Na ce albasa za ta ruɓe. Sai ka kwance ɗan bututun da ke kai wa inji mai, ka jefa a aljihu, ka hau kan buhu ka zauna. Nan na manta da wasa. A gaban jama'a na ce neman aiki kake yi, na ce baƙin ciki kake da ɗan dutse ya yi jirgi. Kunya na kama ni har yau idan na tuna. Ka ce, "Ogobara, zage ni har la'asar in ka ga dama. Jirgin nan ba zai tashi da mutanen nan ba."

Rabin fasinjan suka kwashe kayansu suka koma wani jirgi. Kai kuwa ka tuɓe riga ka shiga ramin injin. Notuna sun ci tsatsa sun ƙi motsi, ka jiƙa su da mai, biyu suka karye, sauran ka yanke da zarto. Sau uku kana saɓa sabon bututu a kafaɗa zuwa wurin masu walda, don gwiwar ba ta zauna yadda kake so ba. Ina tsaye a bakin ruwa ina cika ina batsewa, ko sannu ban ce maka ba.

Da ka ɗaga tsohon bututun sai ka kira ni. Katakon da ke ƙarƙashinsa ya zama gawayi. Ka danna da babban yatsa, yatsan ya shige, hasken waje ya shigo. Tsakanin hujin da ruwa bai kai tafin hannu ba. Hanyarmu kuwa ta tafkin Debo ce, inda iska ke tayar da igiyar ruwa. Na zauna a kan injin. Na fara ba ka haƙuri, ka katse ni ka ce, "Bar surutu, dafa shayi. Shi ma na san ba ka iya ba."

Muna shan shayin ne ka ba ni labarin yayarka Tenin. Ta shiga jirgi zuwa Yuwaru da jaririnta, ta kwanta kusa da inji don can ne babu cunkoso. Da aka isa aka tashe ta, ba ta tashi ba, jaririn ma haka. Hayaƙin injin ne ya yi ajalinsu, ba wanda ya ji ko tari. A lokacin kai masunci ne, bayan sadakar arba'in ka ajiye taru ka tafi koyon gyaran inji. Sau ɗaya ka faɗa mini wannan, ba ka sake ba.

Daga nan na gane abin da ya sa kake bin tashar da safe kana leƙa jiragen da ba a kira ka ba, kana shan zagin masu su. Ba zan ce ba ka da aibi ba. Harshenka na da kaifi, kuma ko ɗan'uwanka ba ka ara wa sifana. Amma jirgin da zai ɗauki marar lafiya shi kake fara dubawa, ko da kana tsakiyar cin shinkafa da kifinka.

A watan jiya bututun jirgina ya sake lalacewa. Na zo duba ka, na ɓoye maka, amma ashe labari ya riga ni. Ka sa aka ɗauko ka a amalanke zuwa tashar, aka ajiye maka kujera a cikin jirgin. Hannunka ba ya iya riƙe sifana, don haka ni ka miƙa wa. Kana tari kana cewa, "A hankali, bawana! Noti ne, ba jaki kake ɗaurewa ba." Da muka gama ka sa na shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, aka tayar da inji, kumfa ba ta tashi ba. Ka gyaɗa kai.

Na ce zan ɗaga tafiyar sai ka ji sauƙi. Ka ce, "Ka zauna ka yi mini me? Likita ne kai? Tafi, ka taho mini da burodin alkamar Dire." Na saya maka shi da safiyar Talatar nan, yana hannuna da ɗuminsa wayar ta shigo. Na kawo shi gida, na miƙa wa matarka Nyamoyi. Ta karɓa ta ce ka tambaya sau biyu ko na iso.

Allah Ya jiƙan ka, Lasana. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya saka maka da Aljanna saboda rayukan da ka tsare, waɗanda suka san ka da waɗanda ba su taɓa jin sunanka ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Nyamoyi, da 'ya'yanku Bakoroba da Sine da Umu, da dukan dangin Niyantawo, da matuƙa da masu jirage na tashar Mopti. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Ogobara Tambeli, mai albasa, Mopti.