Tsohuwa a Gaban Gudumar Ɗan Gwangwan

Jama'a, a gyara tsayuwa. Ga Sarauniyar Kwanuka ta Unguwar Rogo, yau ta fito da rundunarta bakin titi. Sunanta ban sani ba, sarautar ma ni na naɗa mata yanzu.

Tsohuwa ce 'yar firit cikin mayafin da ya koɗe, tana tsaye gaban ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa. Da gani 'ya'ya ne suka matsa a sauke jeren ɗakinta, a sa kujeru, wuri ya sha iska. Kowane kwano sai ta goge shi da bakin mayafi, ta lalubo murfinsa ta rufe, sannan ta miƙa da hannu biyu kamar jariri. Shi kuwa bawan Allah so yake su shige buhu, don haka guduma yake sa musu. Duk bugu ɗaya sai kafaɗarta ta zabura.

Saura guda, mai jan fure, tsatsa ta huda gindinsa. Wataƙila a cikinsa ta yi shekaru tana kai wa maigida tuwo. Tana miƙawa tana janyewa, idonta na kan gudumar.

Bakina ya ƙi zama lafiya. Na ce, "Inna, wanga ko ruwa bai riƙewa. Mi za ki zuba ciki, iska?"

Ta cusa shi ƙarƙashin mayafi, ko kallona ba ta yi ba.

"Ni ban ce zan zuba komi ba."