Waƙoƙin Noma da Suka Mutu Cikin Kwamfutar Ticha Bulus

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar mijina, Ticha Bulus, kuma kwamfutarsa na nan a ɗakina a Kafanchan, lulluɓe da tsohon zanen zumuntar mata. Wani fadan coci, Bature, ne ya bar masa ita lokacin da zai koma ƙasarsu. Da ita Bulus ya riƙa rubuta waƙoƙin noma na yaren Jju, irin waɗanda ake yi a gayya. Duk hutu zai tafi Fadan Kaje wurin mahaifiyarsa, Mama Ladi, ta rera a kaset, ya dawo ya buga. Kaset ɗaya yake da shi, in ya gama sai ya ɗauki sabuwar waƙa a kan tsohuwa.

Wata rana injin ya ƙi tashi, sai ƙara yake yi kamar ɗan tsako. Bulus ya ɗauko abokinsa Malam Sani, mai gyaran rediyo a kasuwa. Suka buɗe, suka nuna mini wasu 'yan sanduna huɗu, koraye, a jere kan babban allon ciki. Memori ake kiransu. Ɗaya ta mutu, allon kuwa ba ya aiki sai huɗun sun cika kuma iri ɗaya.

Bulus ya nemi irinta a Jos bai samu ba. A Kaduna aka ce an daina kawo irinta, aka sayar masa da sabuwar yayi. Da ya dawo sai ga ta ta fi ramin tsawo. A lokacin Mama Ladi na kwance ba lafiya, shi kuwa burinsa ya karanta mata waƙoƙin ta gyara masa tun tana iya magana.

"Ticha, wannan ai ba komai," in ji Malam Sani. "Kayan Honda nawa na ga an sa wa Suzuki? A rage mata tsawo kawai."

"Malam, wannan fa ba babur ba ne."

"To, Mama za ta jira Bature ya ƙero maka?"

Bulus ya miƙa masa sandar. Aka sa zarto, sandar ta shiga daram, aka kunna injin. Har yau ina jin warin hayaƙin da ya tashi. Allon ya ƙone gaba ɗaya. Mama Ladi ta rasu kafin girbi, ba ta ji ko baiti ɗaya ba.

Bai taɓa ganin laifin Malam Sani ba, wanda ya yi ta cigiyar wani allon wajen 'yan kasuwa har Kano. Bulus kan ce waƙoƙin na nan cikin faifan ajiya na kwamfutar, allo kawai suke jira. Da wannan maganar ya rasu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga wayar jikarmu, wadda ke ɗaukar murya ba wahala, yanzu da babu mai rerawa. An daina gayya a ƙauyen, feshin maganin ciyawa ake yi. Bara 'yarmu Godiya ta kai faifan zuwa Kaduna. Mai gyara ya ce tsatsa ta cinye shi tuntuni.

Abin da ya rage shi ne baitin farko na waƙa ɗaya, wanda Bulus yakan yi a hankali in yana goge takalmi. Na rera shi gaban tsofaffin majami'armu, na tsaya ina jiran amshi. Babu wanda ya amsa.