Hannun da Baffa Ya Ɗaga

Baffana ya ɗaga hannu a majalisa aka ƙwace gonar ubana, sannan ya dawo gida ya wanke wannan hannun ya tsoma a kwanon tuwonmu. Wata da watanni yana cin tuwo da wansa bai ce masa uffan ba. Na faɗa maka tun farko don kada ka zauna kana jiran labari mai daɗi. Ni ba gwanin rubutu ba ne, a aji biyu na sakandare na tsaya, kuma dalilin tsayawar yana cikin abin da zan gaya maka.

Har yau in ruwan farko ya sauka a kan juji, warin toka da kashin awaki ya tashi, sai in ga kaina a bayan jakinmu. A wajenmu gona ba ta hutawa. Gidaje sun yi yawa, gonaki sun matse, kana noma kana jin tarin maƙwabcinka a tasa. Don haka abin da mutum yake gada ba faɗin ƙasa ba ne, takin da iyayensa suka zuba ne. Gonar Baba tana bakin hanyar kasuwa, da ɗorawa guda a tsakiya. Ba ta da wani girma, amma ƙasarta baƙa ce wuluk, tun kakan kakanmu ake ciyar da ita. Duk rani Baba zai kwashe turken awaki, ya kwashe tokar murhun Inna, in bai isa ba ya bi masu jakai har bakin birni ya ɗebo shara a mangala. Ya jibge tsibi-tsibi, ni ina kora jaki. In ya gama sai ya tsuguna ya damƙi ƙasar ya kai hanci. Ban taɓa ganin ya shinshina turare haka ba.

Shekarun masu wuya ne. Inna takan yanka sabulu gida huɗu ta ɓoye uku, kananzir sai da layi, takin zamani kuwa sai dai ka ji labarinsa. Maƙwabta kafin damina ta raba sun fara awo a kasuwa. Mu geronmu yakan kai mu har sabo ya shigo. Ba mu da komai ban da wannan gonar, amma da ita ba mu taɓa kwana da yunwa ba.

Kansilan mazaɓarmu a lokacin wani tela ne, siriri, bakinsa ba ya rufuwa. Jam'iyyu biyu ne a lokacin, shi ɗan ɗayar ne, kuma shi kaɗai ne nasu a majalisar ƙaramar hukumarmu, sauran duk 'yan jam'iyyar Baba ne. Yana da wata al'ada. Duk abin da aka tattauna a zama, ranar kasuwa zai zauna a rumfarsa, ƙafa tana taka keken ɗinki, baki yana zubar da labari. An ce za a gyara rijiya, an ba surukin ciyaman aikin. An ce taki ya iso, ni dai ban ga inda aka sauke ba. Mutane su cika rumfar, wasu suna dariya, wasu suna zaginsa, amma ba wanda yake komawa gida bai san abin da aka ƙulla ba.

Baba ba ya ƙaunar ko jin muryarsa. Ɗan jam'iyya ne na gani-kashe-ni, tutarta a zaurenmu take. Yakan ce, "Mutum ɗaya ya hana jama'a aiki. Duk abin da aka kawo sai ya ce a tsaya a duba. A cire shi ku ga ci gaba." Shi ya tsayar da ƙaninsa takara. Baffa kuwa a hannun Baba ya girma tun rasuwar kakanmu, Baba ya sa shi firamare, Baba ya yi masa aure, kuma har ya zama magidanci a zaurenmu yake cin abincin dare, kwano ɗaya da wansa.

A lokacin da layi ake zaɓe. Ba akwati, ba ɓoyo, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so, rana tsaka, gari yana kallo. Mu yara muna kan katangar makaranta. Na ga Baba yana bin layin Tela yana kama hannun mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Kai, wa ya ba ka aron jaki bara?"

"Malam, a nan za ka tsaya, ɗanka yana auren 'yar ƙanwata?"

Haka suka riƙa zamewa, kai a sunkuye, suna komawa bayan Baffa. Aka bar Tela da 'yan'uwansa da wata tsohuwa mai ƙosai. Ya waiwaya ya dubi layinsa, ya dubi Baba, ya ce, "Ka rage mini ko na gaisawa mana." Aka kwashe da dariya, har da ni. Kafin magariba labari ya zo cewa jam'iyya ta share kujerun duka, ba a bar wa kowa ko ɗaya ba. Baba ya yanka bunsuru. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki kamar ranar ba, kuma ban sake gani ba.

Kasuwa ta yi shiru. Tela ya koma ɗinkinsa, ƙarar keke kawai kake ji. Da farko shirun ya yi mana daɗi. In Baffa ya dawo daga zama Baba ya tambaye shi yaya aka yi, sai ya ce, "Lafiya lau, Yaya. Ba musu, kafin azahar mun tashi." Baba ya dube mu ya ce, "Kun gani ko?"

To amma rijiya ba ta gyaru ba, taki bai zo ba, kuma yanzu babu Telan da za a ɗora wa laifi. Da suka rasa abokin faɗa a waje sai suka juya wa juna. Jam'iyya ta rabu biyu, ɓangaren ciyaman da ɓangaren mataimakinsa. Duk wanda ya yi tambaya sai a ce ɗan wancan ɓangaren ne. Baffa yana wajen ciyaman. Baƙi suka fara zuwa suna jan shi bayan zaure suna ƙus-ƙus, Baba yana cewa ai harkar manya ce.

Ranin nan Baba ya ɗebi taki kamar bai taɓa ɗiba ba, don ya fid da rai da na gwamnati. Kafaɗarsa ta saluɓe, bayan jaki ma ya yi miki. Kullum da safe Baffa zai wuce cikin babbar riga ya ce, "Sannu da aiki, Yaya." Baba ya ce, "Yawwa, a gaida ciyaman." Akwai ranar da jakin ya ƙi tsayawa, Baffa ya naɗe hannun rigarsa ya riƙe igiyar har Baba ya daidaita mangala. Ka riƙe wannan a ranka, ni shekara da shekaru ina riƙe da shi.

Ruwa ya sauka, muka yi shuka, muka yi noman farko. Gero ya kai gwiwa, kore shar, har masu wucewa kasuwa suna tsayawa su duba. Sai ga motar hukuma ta tsaya a bakin gonar. Mutane suka sauko da igiyar awo da turakun ƙarfe suka fara bugawa a cikin shukar. Baba ya yar da fartanya ya nufe su. Babbansu ya ce majalisa ta amince a gina ɗakin ajiyar taki a nan, ya miƙo takarda. Baba ba ya karanta boko, sai ya miƙo mini.

Wannan ce ranar da karatuna ya yi aiki, kuma da ma bai yi ba. Na bi Turancin a hankali ina mayar masa da Hausa. An yanke shawarar tun farkon rani, tun kafin mu ɗora mangalar farko. Babu wanda ya ƙi. A ƙasa ga sunayen waɗanda suka amince, ina karantawa har na zo kan na Baffa na tsaya. Baba ya ce, "Ci gaba." Na karanta. Ya ce, "Sake." Na sake.

Da magariba aka kawo tuwo zaure. Baffa ya shigo ya wanke hannu ya zauna kamar kullum. Baba ya ajiye takardar a gefen kwano.

Baffa ya ce, "Yaya, kowa ya ɗaga. In na ƙi sai a ce na koma wajen mataimaki, shi ke nan an gama da ni. Kuma ai gwamnatinmu ce, za a ba ka wata gonar."

Baba ya ce, "Ba ɗagawar na tambaye ka ba. Ranar da ka riƙe mini jaki, ka sani?"

Baffa ya zuba wa tuwon ido. Baba ya janye hannunsa daga kwanon, ya goge a tabarma, ya tashi. Ba su sake haɗa kwano ba har Baba ya mutu.

Ya je ofishin jam'iyya sau uku. Aka ce masa, "Haba dattijo, kada ka ba mu kunya a gaban 'yan adawa." Waɗanne 'yan adawa? Shi da hannunsa ya kwashe su daga layi. Ranar kasuwa ya ɗauki wata tsohuwar riga da ta yage a hammata, ya ce in zo mu je. Na san ba ɗinki ya kai shi ba. Muka tsaya a rumfar Tela.

Tela bai yi masa dariya ba, da ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce, "Malam, na ji. Ni yanzu tela ne, ko ƙofar ɗakin ba za a bar ni in leƙa ba. Da ina ciki ma ba zan hana su ba, kullum kayar da ni suke. Amma da tun ranar kasuwar farko ka ji. Da ka tara dattawa kun je wajen dagaci da hakimi kafin a buga hatimi. Ko ba komai, da ba ka zuba musu takinka ba."

Baba ya ce, "Ka yafe mini."

Tela ya gyara zare a allura ya ce, "Kawo rigar."

Katafila ta zo gero yana shirin fid da kai. Ta ture shi, ta tumɓuke ɗorawar, ta kankare baƙar ƙasar ta tara ta tsibi guda. Bayan kwana biyu tifa ta zo ta kwashe, aka ce lambun wani babba aka kai. Inna ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Baba kuwa yana tsaye a bakin hanya har aka ɗebi na ƙarshe.

Gonar da aka ba mu fako ce, nesa da gari, tsakuwa da wuta-wuta. Baba ya yi damina biyu yana fama da ita, abin da takin kakanni ya gina ba ya ginuwa a shekara biyu. Jaki ya mutu. Muka shiga sahun masu awo, wata rana a samu, wata rana Inna ta dafa tafasa ta ce mu sha ruwa a kai. Na bar makaranta na shiga ƙwadago a gonakin mutane, daga baya na gangara kasuwar Dawanau ina dakon buhunan geron wasu. Bayana da ya lanƙwashe yau, a can na samo shi.

Ɗakin ajiyar kuwa, an haƙa tushe, an ɗora bulo layi uku, ɓangarorin suka kaure da faɗa a kan wanda zai ci kwangilar, aka watsar. Yana nan har yanzu, awaki ke kwana a ciki. Da aka sake kaɗa gangar zaɓe ba a buƙaci mai jan hannun kowa ba, mutane da kansu suka guje wa jam'iyyar, ta faɗi warwas a mazaɓar da ta share jiya-jiya. Waɗanda suka gaje su ma suka share duka, suka rufe ƙofa, suka yi nasu. Baba bai sake fita zaɓe ba. Tutar nan ya sauke ta, Inna ta mayar da ita tsumman tukunya.

Ranar da Baba ya rasu Tela ne ya fara isowa, da almakashinsa, shi ya yanka likkafani. Baffa ya zo a mota, ya zauna a kan tabarmar gaba kwana uku yana karɓar gaisuwa, ana ce masa ya haƙuri da rashin uba.

Yanzu ba layi, akwati ake jefawa. Labari kuma a waya yake yawo, kowa yana magana, amma ban ga mai fitowa daga cikin ɗakin nan ya zauna a kasuwa ya ce ga abin da muka ƙulla muku ba. Ba na gaisawa da Baffa sai a wajen jana'iza. Watan jiya sai ga shi a ƙofar gidana, ya tsufa, yana dogara sanda, ɗauke da hotunan ɗansa da zai tsaya kansila. Na shimfiɗa masa tabarma don shi ƙanin ubana ne. Ya ce in tara masa 'yan dako da matasan unguwa. Ya ce, "Wannan karon so muke mu share duka, kada a bar musu ko kujera ɗaya, a samu a yi aiki."

Maganar Baba ce sak, a bakin wanda ya cinye shi. Na dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi wa babba ba.

Na ce, "Baffa, ranar zaɓe zan nemi wanda ya fi kowa iya musu da ɗanka in ba shi ƙuri'ata, ko ban san sunan ubansa ba. Ina so a samu mutum ɗaya a ɗakin nan da zai fito ya faɗa mana kafin a buga turke. Gonar na bar ka da Allah a kanta, tsoro ne ya ɗaga hannunka. Amma igiyar jakin nan ba wanda ya sa ka riƙe ta. Ka tsaya kana kallon wanda ya raine ka yana zuba ƙarfinsa a ƙasar da ka riga ka bayar, ka ce masa sannu da aiki. Kwashe hotunanka, kada ka bar mini ko ɗaya a kan tabarma."