Gero a Tudu, Shinkafa a Fadama

Duk wanda ya ce maka Mijinyawa yana da girman kai, bai san shi ba. Shiru ne kawai ya yi masa yawa. Mutumin ƙasar Haɗeja ne, yana aiki a wani kamfanin inshora a unguwar West Bay da ke birnin Doha, can saman bene inda taga ba ta buɗuwa. Ni maƙwabcinsa ne a unguwar Ain Khaled, kuma in ban da ni, ban taɓa ganin mai ƙwanƙwasa masa ƙofa ba.

Aikinsa shi ne sa wa masifa farashi. Ambaliya ce, guguwa ce, shi ke lissafa abin da mutum zai biya yau don a rufa masa asiri in abin ya auku gobe. Na taɓa tsokanarsa na ce, "To boka, yaushe ruwa zai ci Doha?" Ya ce, "Ni ban san gaibu ba. Rashin sanin ma shi nake yi wa kuɗi."

Mutum ɗaya ke sa shi dariya: yayansa Ayuba, manomi, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Kowace Juma'a in an sauko, saƙon murya zai shigo: "Auta, ka ci abinci kuwa?" Ƙato da furfura a gemu, wai Auta. Sai ya yi ta maimaita sauraron saƙon har la'asar.

Gidansu tun kaka da kakanni raba ƙafa suke yi: gero a tudu, shinkafa a fadama. In ruwa ya yi yawa tudu ya ciyar da gida, in ya yi ƙaranci fadama ta ciyar. Sai aka kawo wata inshorar manoma garinsu, wadda in ruwan sama ya wuce wani layi a ma'aunin garin, za a biya kowa. Mijinyawa ya karanta sharuɗɗan, ya ga babu zamba. Ya ce wa Yaya ya bar wahalar gero, ya zuba ƙarfinsa duka a shinkafa, ai yanzu akwai madogara. Ayuba bai yi musu ba. Auta ne ya faɗa.

Ruwan da ya cinye shinkafar ba a garinsu ya sauka ba. Can nesa aka tafka shi, kogi ya ɗauko ya kawo. Ma'aunin garin bai kai layi ba, don haka ba a biya ko sisi ba, kuma babu wanda ya cuci wani. Abin da ke ƙona min rai, Mijinyawa ya san da irin wannan giɓin, a wurin aiki kullum yana ƙara masa farashi. Da abin ya zo gida, ya ga kamar ba zai faru ba.

Ya tura wa Yaya abin da ya sawwaƙa. Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, waya shiru. Mutumin nan ya rame a idona.

Ran nan na kawo masa shinkafa da wake, muna zaune, saƙon Ayuba ya shigo. Nan take ya danna.

"Salamu alaikum, Malam Mijinyawa. An ga saƙo, an gode, Allah ya ƙara arziki. Baɗi in da rai za mu koma tudu."

Ya sake saurara, ya kuma sakewa, wayar manne da kunne. Wallahi tausayi ya hana ni kallonsa. Na tura masa kwanon na ce, "Ci mana, zai huce."

Ya ajiye wayar a hankali, ya ce, "Bai tambaya ko na ci ba."